Idon da Bai Yi wa Babanku Kuka Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi Ya ara mini ɗan numfashin da ya rage, Shi kuma Ya san ranar karɓarsa.

Zulai ce ta jawo wannan rubutu, ko da yake ba ta sani ba. Ta dawo daga wani biki a Baure ranta a ɓace, na tambaye ta, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce wata tsohuwa ce ta nuna ta da baki, ta ce wa ta kusa da ita ga 'yar matar nan da ta tsallake takabar mijinta ta tafi Kano. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, ita kuwa ba ta ga abin dariya ba. A nan na lura ashe ku ukun nan da rabin labari kuka girma, rabin ma na bakin wasu. Babban yayanku yana makarantar kwana a lokacin, ke Zulai ba ki wuce tallar ƙuli ba, Nura kuwa bai san komai ba sai yawo ba wando. Da baki na so in ba ku, amma kun san halin ƙirjina, in na ɗauko magana mai tsawo kafin in kai tsakiya haki ya ƙwace ta. Alƙalami ba ya haki. Sai ku yi haƙuri da rubutun 'yar yaƙi da jahilci.

Ciwon nan ya riga mutuwar babanku da shekaru. Bayan na yaye Nura ya fara, a ido. Sai in tashi da safe in ji kamar an watsa mini yashi, fatar idon ta manne, sai na jiƙa ta da ruwa kafin ta buɗe. Daga nan baki ya bi sahu. Yawu ya ƙafe, harshe ya riƙa mannewa a sama, ni da unguwa guda ke sayen ƙuli-ƙulina na koma ba na iya haɗiye ko guntu sai da kofin ruwa a hannu. Zare ma in zan zura a allura sai in miƙa wa Zulai ta lasa mini. Haƙorana suka fara gutsurewa kamar alli. Kowa a gidan yana da bayaninsa. Inna, kakarku ta wajen uba, ta ce hayaƙin suya ne, in rage son sana'a. Gwaggonku Hassu, yayar babanku, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida tana ɗaki ɗaya da Inna, ta ce zafi ne, in sha tsamiya. Na sha tsamiya har na gaji, abin da ta ƙara mini kawai raɗaɗin harshe ne.

Babanku ne kaɗai bai kawo bayani ba, shi 'yar gora ya kawo, ya ɗaura mata igiya ya ce in riƙa ratayawa duk inda za ni. In mun zauna cin tuwo sai ya karkata kwanon miya ya zo gefena, ya ce shi dama gaya ya fi so, alhali na san mutumin da kan suɗe kwano har ya yi ƙara. Da azumi ya gagare ni, shi ya je wurin limamin unguwa ya yi bayani, ya dawo ya ce an ce in sha, shi zai riƙa ciyarwa. Shi ne kuma ya fara gane hawayena sun tafi. Da aka yi rasuwar mahaifiyata a Zango na dawo na zauna a bakin gado, kafaɗuna na rawa, ƙirji na kuka, ido na zafi kamar an zuba barkono, amma ko ɗigo. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa yatsa ya shafa ƙasan idona ya duba. Ba ya iya barin magana ta wuce ba zolaya.

"Ke dai Ramatu, ko ni na mutu ba za ki ɓata kwallinki ba."

Na ce masa Allah Ya sa in riga shi in ga nasa. Muka yi dariya a ranar.

Akwai kumburi da kan zo mini a ƙasan kunne, ya yi kwanaki ya sace, ana cewa hangum ne, ni kuma ina cewa wane irin hangum ne ya ƙyale yaran gida ya kama uwarsu. A shekarar da nake ba ku labari, na hagu ya zo ya ƙi tafiya. Ya yi tauri kamar goriba, ba zafi ba ciwo, abin da ya sa ma ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Tari kuma ya shigo, busasshe, ba ya fitar da komai. In na ɗauko tulu daga bakin rijiya zuwa madafi sai na tsaya a hanya na huta. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho a wurin, jini ya fita, goriba na nan. Babanku ya ce da zarar ya gama kwasar gyaɗar kaka za mu je Katsina a duba ni da kyau. Kun san sana'arsa ke nan, bin ƙauyuka yana sayen gyaɗa. Ranar wata kasuwa ya tafi garin Babban Mutum, a hanyar dawowa tayar motar ta fashe. Kafin la'asar aka shigo da shi a tabarma.

Sai na ɗan tsaya in gaya muku yadda zamanin yake, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a, gari ya cika da wa'azi, a masallaci, a rediyo, a kaset ɗin masu shayi. Ba kushewa nake ba, ni ma a lokacin na shiga Islamiyyar matan aure na gyara Fatihata. Cikin abubuwan da malamai suka matsa a kai har da kururuwar mutuwa. A da in an yi rasuwa mata kan ɗora hannu a ka su rusa ihu, a jiyo su daga bakin titi. Aka ce wannan haramun ne, abin da aka yarda da shi baƙin cikin zuci ne da hawaye. Mata suka ji suka bari. To da a zamanin ihu ne, wallahi da Daura duka ta ji ni, don a lokacin ina da murya. Amma an hana ihu, an bar wa mata hawaye kaɗai, ni kuma ba ni da su.

Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki. Mata suna shigowa, su durƙusa su ce ya haƙuri, su ɗago su dubi fuska. Haka ake yi, ni ma haka nake yi a makokin wasu, ban taɓa sanin ina yi ba sai da aka yi mini. Inna tana can gefe, zanenta ya jiƙe sharkaf, ko ruwa ta ƙi sa wa bakinta. Gwaggonku idonta ya kumbura. Ni matar mamaci ina zaune fuska a bushe, ga gora a gefe, duk gaisuwa biyu sai na kurɓa, domin in ban kurɓa ba ko amin ba za ta fita ba. Ku auna yadda abin yake a idon mai kallo. Ranar sadakar uku maƙwabciyata Talatu, Allah Ya jiƙanta, ta ja ni bayan ɗaki ta danƙa mini rabin albasa, ta ce in murza in rufa wa kaina asiri. Na murza. Idon ya yi ja kamar garwashi, na kusa haukacewa don raɗaɗi, Talatu da ke tsaye kusa da ni ita ce ta yi hawayen. Da na koma tabarma na jiyo muryar Gwaggonku daga madafi, ba ta ma rage ta ba.

"Ko kaza ce ta mutu a gidan nan, ai a ga ɗigo ɗaya."

Ban yi shiru ba, kun san ba halina ba ne. Bayan mutane sun ragu na same ta na ce, Yaya, ciwo ne, hawayen sun daɗe da ƙafewa, ƙanenki ya sani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ciwon ido mun san shi, hawaye yake sawa. Wanda yake hanawa kam yau na fara ji. Shaidarki kuma kin san inda muka kai shi."

Maganarta ta yi mini ciwo ƙwarai, amma ko a lokacin na san ba mugunta ce zalla ba. Ƙanenta ne da ta goya, kuma da ni aka ba wa labarin wata mai irin wannan ciwo, ban tabbata zan yarda ba.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kitso, zane ɗaya marar ado, murya ƙasa-ƙasa, kwana a ɗakin miji. A gidan su babanku kuwa abin ya fi na littafi tsanani, mai takaba ko zaure ba ta leƙawa. Ban ƙi ba. Gaskiya ma na so abin. Tunda ido ya ƙi ba da shaida, na ce bari zama ya bayar. Na ƙudura zan yi takabar da ba a taɓa gani ba a unguwar, in zauna daram har a ce ashe dai tana son sa. Sai dai jiki bai shiga wannan shawara ba. Goriba ta yi 'ya'ya, ɗaya a wuya, ɗaya a hammata. In na kwanta sai in tashi zane ya jiƙe da gumi alhali ana sanyi. Zoben da ya ƙi fita ko da sabulu ranar da na shiga takaba ya zame da kansa ya faɗa cikin kwano.

Kawunku Lawal, yayana da ke Zango, ya zo duba ni bayan an yi bakwai. Mutum ne mai kiwo da sayar da dabbobi, idonsa ya saba gane wadda ba ta da lafiya tun daga nesa. Ya zauna a bakin ƙofa muna gaisawa, na ga ba fuskata yake kallo ba, wuyana yake kallo. Bai yi shawara da kowa ba sai da Inna, ya ce da rana za a je asibiti a dawo kafin magariba. Ta yarda da ƙyar. A asibitin garin nan wani likita ya lalubi wuyana da hammata, ya sa abin sauraro a bayana ya ce in ja numfashi, ya daɗe yana ji. Ya tambaye ni ko idona da bakina suna bushewa. Na ɗago da sauri na dube shi, don ban gaya masa ba. Ya ce abin ya fi ƙarfin nan, a kai ni babban asibiti a Kano cikin makon nan, kuma in shirya zama, ba zuwa a dawo ba ne. Na ce ina takaba. Ya ce ya gani, amma abin da ke wuyana bai san da ita ba.

Yaya Lawal ya je wurin liman. Liman ya ce babu ko tantama, lalura ce, rai ya fi, mai takaba tana fita neman magani ta kwana inda magani ya tsare ta, takabarta na nan ba ta karye ba, sai dai ta kiyaye ado. Har gida ya zo ya faɗa daga zaure, kowa ya ji. Inna ta bari ya tafi, sannan ta kira ni ɗakinta. Ku da kuka san ta a tsufanta kuna tuna mai ba ku gyaɗa a ɓoye. Ni na san ta mace mai magana ɗaya, wadda ta yi wa kakanku takaba ba ta taka ko dokin ƙofa ba, ta kuma riƙe ni kamar 'ya tun ranar da aka kawo ni. Ba ta taɓa zagina ba, ranar ma ba ta zage ni ba.

"Na ji abin da liman ya ce, ban ƙaryata shi ba. Amma ɗana ne, ba ɗan liman ba. Shekara ashirin ya yi miki, ke wata huɗu kawai ya rage masa a wurinki. Ki ba shi abinsa, sannan ki je duk inda za ki."

Na ce to. Yaya Lawal ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce kashe kaina zan yi don a yabe ni. Na ce ya bar ni in kai arba'in ko da ita ce, ya hau babur ɗinsa ya tafi ko sallama bai yi ba. Na kai arba'in. Aka yi gumba aka raba, aka yi addu'a, mata suka sake zuwa suka sake duban fuskata suka tafi da abin da suka zo da shi. Zaman bai sayo mini komai ba. Na ci gaba da lallaɓawa, ina cewa gobe zan ji sauƙi. Salla a tsaye ta gagara, na koma yi a zaune. Fatiha da nake karantawa da numfashi biyu ta koma kowace aya sai na tsaya. Wata rana da azahar na yi sujada na kasa ɗagowa, ina jin Nura a tsakar gida yana kiran Umma, Umma, a zo a ɗaure masa tazuge, ni kuma ba ni da iskar da zan amsa. A wurin nan, goshina a ƙasa, na yanke shawara. Na ga kun rasa uba, in na zauna za ku rasa uwa, kuma duk yabon da za a yi mini a makoki ba zai ɗaure wa yaron nan wando ba. Na aika a kira Yaya Lawal.

Da safe na durƙusa a ƙofar Inna na ce zan tafi, ta yafe mini. Tana kwance, ta juya fuskarta bango. Na daɗe a durƙushe, mota na jira a waje. Har na yunƙura zan tashi sannan ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Idon da bai yi masa kuka ba, dama ƙafa ce za ta zauna masa?"

Maganar ƙarshe ke nan da na ji daga bakinta.

A Kano aka yi ta jujjuya ni kamar waina. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka sa ni hura iska a wani bututu har na ga taurari, aka yanki ɗan nama a wuya aka tafi da shi. Wata likita ta maƙala mini 'yar takarda a fatar ido ta ce in rufe, da ta cire ta nuna mini, a bushe kamar yadda ta sa ta. Babban likitan, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zaunar da mu ni da Yaya Lawal ya yi bayani da Hausa tsantsa. Ya ce jikin mutum yana da garkuwa da ke yaƙar cuta, tawa ce ta rikice ta juyo tana yaƙar wuraren da yawu da hawaye ke fitowa har ta kashe su. Ya faɗi sunan ciwon, sunan wani Bature ne, har yau bakina bai iya shi ba. Ya ce ya fi kama mata, kuma yawancinsu a bushewar yake tsayawa, amma a wasu kaɗan in ya daɗe yakan haifar da ciwon daji a kaluluwa, a wasu kuma ya taɓa huhu ya sa shi tauri. Ni na haɗa duka biyun. Dajin, ya ce, irin wanda ake yaƙa ne a yi nasara da yardar Allah. Huhun kuwa abin da ya taurare ya taurare, sai dai a tare sauran.

Kun san me na fara tambaya? Ba mutuwa ba. Cewa na yi, likita, ashe akwai wasu irina da ba sa hawaye? Ya ce da yawa, Mama, wata ma yanzu ta fita daga ɗakin nan. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, ina yi ina tari, Yaya Lawal yana harara ta. Na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da aka shigo da babanku. An ce ina da daji, ni kuma murna nake an gaskata ni. Daga baya na tambaye shi, da na zo tun ranar da aka ce in zo fa? Ya ce Allah ne Ya sani, ba zai iya auna mini abin da makonnin nan suka ci ba, amma da ya fi. Ban sake tambaya ba. Tukunyar iskar numfashin nan da kuke gani a gefen gadona, ban san nawa ne rabon ciwo a cikinta ba, nawa ne rabon zaman da na yi.

Aka fara ƙarin ruwan maganin daji. Ba zan ɓata takarda a kansa ba, wanda ya sha ya sani, wanda bai sha ba Allah Ya tsare shi. Amai, baki ya fashe, abinci ya koma kamar toka. Tsakanin ƙari da ƙari ina zaune a gidan wata 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, a ɗaki, da zanen takabata, ba na fita sai asibiti. Bayan ƙari na biyu na tashi na ga gashina a kan matashi, na shafa kai ya biyo hannuna. Kafin mako ya zagayo babu ko sili, har gira. Ban damu sosai ba, mai takaba dama ba ta da abin yi da gashi, na ɗaura ɗankwali na jawo hijabi har goshi. A cikin wannan hali jinina ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kama ni, aka kwantar da ni a gado aka hana kowa matsowa. Da na farfaɗo na ga Yaya Lawal yana ta sunkuyar da kai. Ashe Inna ta rasu, har an yi uku. Mutuwa biyu ke nan a gida ɗaya, ta farko ban yi kuka ba, ta biyu ban zo ba. Ba sai na gaya muku abin da aka faɗa a unguwa ba, a kunnenku aka faɗa.

Da takaba ta zo ƙarewa na ce wa likita ko zai ɗaure ni sai na je na kwana a ɗakin mijina na fita daga can. Ya ce ƙarin gaba da saura, in je in dawo. Na iso ana gobe fita. Ku yara kuka rugo, ke Zulai kika tsaya daga nesa kina kallona kamar baƙuwa, ban manta ba, ban kuma riƙe ki ba. Gwaggonku ta amsa gaisuwata da ta'aziyyata a taƙaice ta shige ɗaki. Amma al'ada al'ada ce. Fitar takaba babbar mace ta dangin miji ce ke tsayawa a kai, ta sa a yi wanka, ta miƙa sabon zane, ta kwance ɗankwalin takaba da hannunta ta miƙa kan ga mai kitso. Inna ba ta nan, sai ita. Ta ce wa Talatu don ƙanenta za ta yi, ba don ni ba.

Da hantsi mata suka taru a tsakar gida, wasu don zumunci, da yawa don kallo. Na yi wanka na fito da sabon zane da tsohon ɗankwali, na zauna a kujera 'yar tsugune. Mai kitso ta baje tsinkenta da man shanu, ana kwaɓa lalle a gefe. Na so in yi magana tun kafin, na kasa, haki da kunya suka haɗu suka riƙe ni. Gwaggonku ta zo ta tsaya a bayana, ta yi bisimilla, ta kama ƙullin ta ja da ɗan ƙarfi, irin na mai son ta gama ta tafi. Ɗankwali ya zame. Na ji iska a fatar kaina. Mai kitso ta mayar da tsinkenta cikin gwangwani a hankali. Sai na ji tafin hannun Gwaggonku a kaina, ya bi ta ƙeya ya sauko wuya ya tsaya a kan tabon yankan.

"Ramatu, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa, Yaya."

Ta sunkuyo ta rungume kan nan da ba gashi, ta fashe da kuka, ba ihu, irin wanda aka halatta, amma kamar an fasa tulu. Ina jin ɗumin hawayenta yana sauka a tsakar kaina, ya gangaro ta goshi, babu girar da za ta tare shi, ya bi ta gefen hanci ya sauka a kumatuna. Ni ma ina yi a ciki, kafaɗa na rawa, ido na raɗaɗi, ba abin da ya fito. Ita ce ta raka ni Kano a ƙarin da ya biyo baya, ita ta riƙe mini kwanon amai har aka ce daji ya kwanta, ita kuma ta riƙa karkato mini da kwanon miya har ta koma ga Allah. Sau ɗaya na tambaye ta ko Inna ta ambace ni kafin ta cika. Ta ce a'a. Ba zan yi muku ƙarya in ce Inna ta yafe ba, ban sani ba. Ta tafi tana ganin na wulaƙanta ɗanta, kuma wannan shi ne abin da tafiyata ta ci wanda ba likitan da zai mayar. Kullum ina sa ta a addu'a, kuma da za a mayar da ni ƙofar ɗakin nan, zan sake durƙusawa in sake tashi in tafi.

Saura abu ɗaya. Wasu mata sun shigo a makare ranar, suka tarar da fuskata jage-jage, suka fita suna cewa Alhamdu lillahi, yau dai Ramatu ta yi wa mijinta kuka. Wannan labarin ma yana yawo, kuma na san shi kuka fi so, na ji Nura yana ba 'ya'yansa. To shi ma ba gaskiya ba ne. Hawayen Gwaggonku ne, a fuskata kawai suka sauka. Ni ban taɓa zubar wa babanku ko ɗigo ba, kamar yadda ya faɗa da bakinsa, kuma gorar da ya ɗaura wa igiya tana nan rataye a kan gadona, na canza igiyar ban san sau nawa ba.

Ranar da tawa ta zo za a shimfiɗa muku tabarma, mutane za su shigo, matanku da 'ya'yanku za su zauna. Wasiyyata ba ta da yawa. Ku karɓi gaisuwa, ku ba mai ƙishi ruwa, kada wanda ya leƙa idon wani.